Yadda ake dafa shayi: kore, baƙi da na ganyayen gida

Shayin da muke sha a Maradi iri uku ne, kuma kowanne da irin wutar da yake so. Akwai koren shayi na fada, wato majalisar hira ta abokai a unguwa, shi ne ake dafawa a ƙaramar buta bisa gawayi a sha zagaye uku. Akwai baƙin shayi na karin kumallo da na teburin mai shayi, abokin madara da burodi. Sai na ganyaye da sauyoyi da muke da su a gida, su geza, citta, zoɓo, zogale da goruba. Yawancin shayin da ke lalacewa a hannun sabon shiga, dalilin ɗaya ne: an yi wa wannan dahuwar wancan. A tafasa abin da jiƙo kawai yake so, ko a jiƙa abin da sai ya sha wuta yake sakin amfaninsa, daga nan sai a yi ta loda sukari don a rufe ɗaci. Ɗan'uwa, idan yau aka miƙo maka buta a fada, ko kuma ke uwargida kina son sauya abin da ake karyawa da shi a gida, ga yadda nake yi.

Abu kaɗan da ya kamata ka sani tukuna. Kore da baƙi duk daga itace ɗaya suke fitowa, wadda masana ke kira Camellia sinensis. Tana son ruwan sama mai yawa da sanyin tudu, shi ya sa ba a nomanta a ƙasarmu. Bambancin yana wurin sarrafawa. Idan kore ake so, da an tsinko ganyen sai a gasa shi a babban kasko, kamar yadda ake yi a Sin, ko a turara shi, kamar yadda ake yi a Japan, zafin ya hana shi sauya launi. Idan baƙi ake so, sai a bar ganyen ya yi yaushi, a murza shi, a shanya iska ta ratsa shi har ya yi duhu, kamar yadda goro ke rinewa in ka gutsura ka ajiye, sannan a busar. Dukansu suna ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke korar barci, da kuma tanin, wanda shi ne ɗacin nan mai kama baki. Yawan zafi da daɗewa a ruwa su ke fito da tanin. Na ganyayen gida kuwa ba su da dangantaka da wannan itace, kuma waɗanda zan ambata a nan ba su da kafeyin.

Kayan aiki

Butar shayi ƙarama, irin mai shuɗin fentin nan ko ta ƙarfe marar tsatsa. Ka leƙa cikinta kafin ka biya. In fentin ciki ya ɓare har tsatsa ta fito, bar ta. Buta biyu sun fi ɗaya, za ka ga dalili a gaba.

Murhun waya da gawayi mai nauyi a hannu, wanda ba ya tartsatsi. Gawayi marar nauyi yana cinyewa kafin ka kai zagaye na biyu.

Ƙananan kofuna na gilashi, aƙalla uku, da babban kofin ƙarfe guda na juye. Kada ka juye shayi mai zafi a kofin roba.

Faranti, mahuci, ɗan tsumma na kama hannun buta, da kwanon ruwa mai tsabta na ɗauraya.

Don baƙin shayi da na ganyaye: tukunya mai murfi da ba a miya a cikinta, rariya, cokalin shayi, da filas in za a ajiye. Tukunyar da ta saba da mai da daddawa ko an wanke ta sai ta ba shayi labari.

Sai ruwa, wanda mutane ba su cika kula da shi ba alhali shi ne kusan duk abin da ke cikin kofin. Ruwan pampo in yana warin magani, a tara shi a randa ya kwana. Ruwan rijiya mai ɗanɗanon kanwa yana duhunta shayi, ya bar wata yana-yana a samansa. In shi kaɗai gare ka, tace shi ka tafasa sosai, amma in baƙo za ka yi wa, gara ka sayi ruwan leda.

Zaɓen koren ganye

Kusan duk koren shayin da ke shagunan babbar kasuwa da teburan unguwa daga Sin yake zuwa, kuma iri biyu ne suka fi yawa. Na farko Chunmee, mai siraran ganye a lanƙwashe. A jikin kwalinsa za ka ga lambobi irin su 41022 ko 9371, waɗanda ke nuna darajar ganyen. Na biyu Gunpowder, wanda aka murza kowane ganye ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, lambarsa da aka fi gani 3505, kuma lardin Zhejiang ne ya shahara da shi. Chunmee yana saurin sakin ƙarfi, yana kuma ba da kumfa mai kyau. Gunpowder yana buɗewa a hankali, don haka ya fi jure zagaye na uku.

Kada lamba ko hoton kwali su ruɗe ka, don kowa na iya buga lamba. Zuba kaɗan a tafin hannu. Ganye mai kyau launinsa kore ne mai ɗan toka-toka, a bushe ƙayau, ba gari da yawa, ba itatuwa. Shinshina. In ka ji warin rima ko na sabulu, ya zauna kusa da abin da bai kamata ba a shago, kuma ba dabarar da za ta fitar da wannan warin. Duba kwanan watan da ke jiki. Ƙaramin kwali mai giram 25 ya ishi buta ɗaya zagaye uku ga mutum huɗu zuwa shida.

Shayin fada, mataki-mataki

1. Hura wuta. Ka bar gawayin ya kama har ya daina hayaƙi, ya yi ja, farar toka ta fara rufe shi. Kada ka kunna da leda ko kananzir, warin zai bi buta. Kuma ina roƙonka, komai sanyin hunturu kada ka shigar da murhun gawayi ɗaki ka rufe ƙofa da taga. Gawayi na fitar da wata iska marar wari marar launi da ke sa ciwon kai da barci, kuma tana kashe mutane cikin barcinsu. A tsakar gida, a zaure buɗaɗɗe ko ƙofar gida ake wannan aiki.

2. Wanke ganye. Zuba ganyen a buta, kimanin cikin ƙaramin kofi ɗaya ba a tsattsaga ba. Zuba masa kofi ɗaya na ruwan zafi, ka juya butar a hannu kamar rabin minti, ka zubar. Za ka ga ruwan ya fito da dauɗa-dauɗa, ƙura ce da garin ganye. Da yawa a fada suna tsallake wannan suna cewa ƙarfin ne ake zubarwa. Abin da ke tafiya kaɗan ne, kuma shayin da aka wanke ya fi fitowa garau a gilashi.

3. Ɗora zagayen farko. In mutum huɗu za su sha, zuba kofi biyar na ruwa, don wuta za ta ci nata rabo. Kada butar ta cika har wuya. Ɗora ta a kan garwashin, da ta fara tafasa sai ka matsar da ita gefe inda zafin bai kai tsakiya ba, ta riƙa ɓararraka a hankali minti 10 zuwa 15. Nan ne aikin yake. Wuta mai ƙarfi takan sa ya yi bori ya kashe maka garwashi, ruwan ya ƙone kafin ganye ya buɗe, a samu ɗaci ba ƙamshi. Ka saurari butar. In ka ji murfi na rawa, ɗaga ta daƙiƙa kaɗan ka mayar. Alamar ya yi ita ce in ka tsiyaya kaɗan a kofi ka ga launin ya koma ruwan zuma mai duhu, kuma in ka buɗe murfi ganyen ya kumbura ya kusa cika rabin buta.

4. Raba ruwa da ganye kafin sukari. Tsiyaye ruwan shayin duka a buta ta biyu ko babban kofi. Ita kuwa butar ganyen, zuba mata sabon ruwa nan take ka mayar da ita wuta, zagaye na biyu ya fara dahuwa kana aikin na farko. Wannan shi ne amfanin buta biyu. Yanzu sa sukari a ruwan da ka tsiyaye. Rabin ƙaramin kofi ya isa ga kofi huɗu na shayi. Na san akwai fadar da ake zuba kofi guda cur, amma a ganina wannan ya zama ruwan alewa, kuma mutumin da ke shan zagaye uku sau biyu a yini ya lissafa yawan sukarin da yake sha a wata. Fara da kaɗan, ƙari ba ya wuya. In ka zuba sukari kan ganye a wuta, yakan kwanta a gindi ya ƙone, warin ƙauri ya bi dukan zagayen da suka rage.

5. Tada kumfa. Zuba shayin a kofi ɗaya, ka mayar buta, sau uku ko huɗu, har sukarin ya narke. Sannan ka cika rabin kofi, ka riƙa juyewa daga wannan kofi zuwa wancan, kana ɗaga hannu sama a hankali. Fara daga tazarar ɗani ɗaya. Hannu na sabawa za ka kai kamu guda ba tare da ɗigo ya faɗi a faranti ba. Zaren shayin ya zama siriri, ya sauka a tsakiyar kofi, ba a gefe ba. Juyi goma sha biyar zuwa ashirin sukan tara kumfar da ta kai kaurin yatsa biyu. In ta taru, tsiyaye ruwan a hankali ka mayar buta, ka bar kumfar zaune a kofin, ka koma na gaba. Kumfa ba ta tashi da kyau in shayin ya tsinke da ruwa, ko babu sukari ko kaɗan, ko kuma kofin na da maiƙo. In ka ci tsire ko ƙuli-ƙuli, wanke hannu kafin ka taɓa kofunan. Shayin da ya ɗan huce ya fi mai tsananin zafi tada kumfa, ya kuma fi sauƙi a yatsu.

6. Mayar da shi wuta. Duk wannan juye-juye ya sanyaya shi. Ɗora butar minti ɗaya ko biyu ya yi zafi, ba sai ya sake tafasa ba. Kafin nan ka ɗauraye bayan kofunan da ruwa don kada su yi danƙo, ka kula ruwa bai shiga ya kashe kumfar ba. Ɗanɗana kaɗan. In da gyara, yanzu ne lokacinsa.

7. Raba. Rabin kofi ake zubawa, kumfa ta hau sama. A fara miƙa wa baƙo da wanda ya fi shekaru, da hannun dama, a kan faranti. In kofuna ba su kai yawan mutane ba, a ɗauraye kowanne da ruwa mai tsabta kafin a zuba wa na gaba, ruwan ɗaurayar kuma a riƙa sauya shi. A lokacin mura da tari wannan ba ƙaramin abu ba ne.

8. Zagaye na biyu. Shi ne wanda na fi so, kuma a nan ake gane gwani. Ganyen ya riga ya buɗe, kaifin ɗacin ya tafi da na farko, saura ƙamshi. Bar shi ya dahu kamar minti 10, ka tsiyaye, ka rage sukari kaɗan bisa na farko. Na'ana'a a nan take shiga. Wanke ta sosai, don ta lambu takan zo da yashi, ka sa reshe huɗu ko biyar cikin ruwan da ka tsiyaye lokacin da za ka mayar da shi wuta. Minti biyu sun isa. Na'ana'ar da aka tafasa tare da ganye tun farko takan yi baƙi, ƙamshinta ya bi tururi ya tafi.

9. Zagaye na uku. Ganyen ya gaji, don haka a ba shi lokaci, minti 15, da ruwa kofi huɗu kawai. Ɗan yankin citta da aka daddaka ko kanumfari biyu suna ɗaga shi. In ka ga ya fito fari sal, ƙara ɗan tsunkule na sabon ganye. Bayan na uku a zubar da ganyen a gindin shuka, babu sauran abin da zai bayar.

In babu gawayi, rishon gas ma yana yi, sai dai a rage wutar zuwa ƙarshenta, a sa wani faifan ƙarfe tsakanin wuta da buta don ƙaramar buta ba ta jure harshen wuta kai tsaye. In buta ɗaya gare ka, babban kofin ƙarfe ya tsaya a matsayin ta biyu. In babu ɗanyar na'ana'a, busasshiya rabin cokali ta wadatar.

Zagayen farko ba a shan sa da yunwa. Yana iya sa jiri, tashin zuciya da bugun ƙirji. A ajiye gyaɗa ko dabino kusa. Da azumi ma a fara cin abinci tukuna, kuma wanda ke son ya samu barci kafin sahur ya haƙura da na farkon ya jira na biyu. Abu ɗaya kuma da ba zan yi shiru a kansa ba: masu jefa Tramol ko wata ƙwaya cikin buta wai don ƙarfin aiki suna cutar da kansu, suna kuma cutar da wanda ya sha bai sani ba. Butar da ba ka ga yadda aka haɗa ta ba, a wurin da ba ka yarda da mutanensa ba, ka ce alhamdulillahi ka wuce.

Koren shayi ba tare da tafasawa ba

Akwai wata hanya da mutanen Sin da Japan ke bi, kuma ta dace da mai son kore ba sukari. In wani ya kawo maka tsarabar Sencha na Japan, ko Longjing na yankin Hangzhou, ko mai ƙamshin furen yasmin, kada ka kuskura ka yi masa dahuwar fada, asara ce. Ruwan da yake so zafinsa digiri 70 zuwa 80 ne. Ba sai da ma'auni ba: haɗa kofi uku na tafasasshen ruwa da kofi ɗaya na ruwan sha mai sanyin randa, ka samu kusan haka. Cokalin shayi ɗaya na ganye ga babban kofi ɗaya, a rufe minti 2 zuwa 3, a tace. Ganyen zai sake ba da kofi na biyu har na uku. Chunmee ɗinmu na kasuwa ma in ka yi masa haka za ka ji wani ɗanɗano da ba ka san yana da shi ba.

Baƙin shayi

Wanda muke saye a ƴan jakunkuna masu zare yawanci gauraye ne na ganyen ƙasashe da dama. Kenya ce kan gaba a duniya wajen fitar da baƙin shayi, ana noma shi a tuddai irin na Kericho, a yi gwanjonsa a Mombasa. Indiya na da Assam, mai kauri da ƙarfi, wanda ya fi kowanne dacewa da madara, da kuma Darjeeling na gindin duwatsun Himalaya, marar nauyi mai ƙamshi, wanda madara ke danne shi. Na Siri Lanka, da ake rubuta Ceylon a kwalinsa, yana tsaka-tsaki kuma yana karɓar lemun tsami. Kusa da mu, ana noman shayi a tsaunin Mambila cikin jihar Taraba a Najeriya. Earl Grey kuwa baƙin shayi ne da aka sa wa man ɓawon wani lemo mai suna bagamot. Abin da ke cikin jaka an niƙa shi ƙanana, shi ya sa yake saurin fita, yake kuma saurin ɗaci.

1. Tafasa sabon ruwa har ya yi ɓararraka sosai. Baƙi, saɓanin kore, yana son ruwa da cikakken zafinsa.

2. Ɗauraye kofi ko buta da ruwan zafin, musamman da hunturu, don kofi mai sanyi na sace zafi.

3. Jaka ɗaya ko cokalin shayi ɗaya ga kofi ɗaya. In na taro ne, suna ko walima, jaka huɗu zuwa biyar ga kowace lita.

4. Sauke ruwan daga wuta, zuba a kan ganyen, rufe. Minti 3 ga na jaka, 4 zuwa 5 ga mai manyan ganye. Jan launi na fitowa tun a minti na farko, amma ɗanɗano bai iso ba tukuna, kada launi ya sa ka gaggawa.

5. Cire jakar, kada ka bar ta tana iyo har ka gama sha. In a filas za a zuba, a tace tukuna. Ganyen da ya yini a filas shi ke ba da shayin nan mai kama harshe.

6. Madarar gari a dama ta da ɗan ruwa mai ɗumi a wani kofi kafin a haɗa, in ba haka ba ta yi gudaji. In ta gwangwani ce mai kauri mai zaƙi, ba a ƙara sukari. Madara da lemun tsami ba sa haɗuwa a kofi ɗaya, tsinkewa take yi.

Mai son shayi da kayan ƙamshi ya lura da wannan, don nan ake yawan kuskure. Citta, kanumfari, kirfa, masoro da kimba su ake fara tafasawa su kaɗai minti 10, a sauke, sannan a jefa ganyen shayin a rufe. In ka haɗa su gaba ɗaya a wuta, kafin citta ta saki yajinta shayin ya riga ya yi ɗaci. Ga lita ɗaya: ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, kanumfari huɗu, ɗan ɓallin kirfa, kimba ɗaya. Kimbar a ɗan buga ta kawai ta fashe, kada a daka ƴaƴan cikinta, ɗaci gare su.

Na ganyayen gida

Ƙa'idar a nan mai sauƙi ce. Abu mai taushi, ganye ko fure, jiƙa shi ake yi a ruwan zafi a rufe. Abu mai tauri, saiwa, ɓawo ko ƙwallo, shi ake tafasawa.

Na'ana'a, ɗoɗɗoya da ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake kira sitironel duk jiƙo ne: cikin hannu ɗaya na ɗanye ga lita, a zuba tafasasshen ruwa, a rufe minti 5 zuwa 10. Murfin dole ne, don ƙamshin nasu mai ne da ke bin tururi. Sitironel a ɗan murɗe ta ko a ƙulla ta kafin a sa.

Zogale ba ma nemansa da nisa, lambunan gulbin Maradi da na Jiratawa cike suke da shi. A wanke ganyen, a zage shi daga itacen, a shanya a inuwa inda iska ke wucewa, a rufe da yadi marar kauri saboda ƙura. Wanda aka shanya a rana yakan koɗe ya koma ruwan ƙasa. Cokali ɗaya ga kofi, jiƙon minti 5. Shi kaɗai yana da ɗanɗanon ɗanyen ganye, amma da citta da ɗigon lemun tsami yana shiga sosai.

Geza, wadda mutanen Senegal da Mali ke kira kinkeliba har suke buɗa baki da ita, ganyenta na da tauri, don haka tana son wuta. Cikin hannu ɗaya na busasshen ganye ga lita, a wanke, a tafasa minti 10 har ruwan ya yi ja-ja. Tana karɓar madara da sukari tamkar baƙin shayi, kuma ga wanda shayi ke hana shi barci ita ce madadin da nake fara ba shi shawara da daddare. Ka saya wurin wanda ka san ya san itace, don ba kowane busasshen ganye da aka ɗaure a kasuwa aka kira da wannan suna ne geza ba.

Goruba, wadda yankin Gulbin Kaba ya shahara da ita, ɓawon nan mai zaƙi ake fasawa a daka sama-sama, a tafasa minti 15 da citta, a tace da rariya mai laushi. Tana da zaƙinta, ɗanɗana kafin ka sa sukari.

Zoɓo a wanke shi sau biyu da ruwan sanyi cikin hanzari, yashi ne matsalarsa. Cikin hannu ɗaya ga lita, a jefa a tafasasshen ruwa, a sauke, a rufe minti 10. Yana da tsami, saboda haka kada a bar shi ya kwana a tukunyar dalma, a juye a mazubin gilashi ko na ƙarfe marar tsatsa. Da zafinsa ake sha lokacin sanyi, da kanumfari biyu.

Kasancewar abu ganye ne ba ya nufin a sha ba iyaka. Zoɓo na iya sauke hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini ya tambayi likita kafin ya mayar da shi abin kullum, kuma kada ya ajiye maganinsa saboda shi. Mai juna biyu ta nisanci haɗe-haɗen sauyoyin da ba ta san abin da ke ciki ba, ta kuma taƙaita kafeyin: shawarar da likitoci suka fi bayarwa ita ce kada ya wuce miligiram 200 a yini, kofin baƙin shayi ɗaya kuwa na ɗauke da kimanin 40 zuwa 50, zagayen farko na fada kuma yana da ƙarfi sosai duk da ƙanƙantar kofinsa. Tanin da ke cikin kore da baƙi yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da ganye, saboda haka mai ƙarancin jini, da mai ciki, da yara, su bar tazarar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma, ko a shayi ko a wani abu. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa kuma, da yawansa filasko ne a ciki, gudawa kawai yake sawa, ruwan jiki ne ke tafiya ba kitse ba.

Ajiya da wanki

Ganyen shayi yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi. Da ka buɗe kwali, juye sauran a gwangwani mai murfi ko kwalba mai duhu, ka ajiye nesa da yaji, daddawa, sabulu da turare, inda rana ba ta bugu. Da damina a ƙara kula, rima na shiga kwalin takarda cikin ƴan kwanaki. Kore ya fi baƙi saurin tsufa, don haka sayi daidai abin da za ka shanye cikin wata ɗaya ko biyu. Busassun ganyayen gida a tabbatar sun bushe har suna karyewa a hannu kafin a rufe su, in ba haka ba su yi fumfuna, kuma duk wanda ya yi fumfuna zubarwa ake yi gaba ɗaya, ba a tsince.

Butar shayi a wanke ta da ruwan zafi da zarar an tashi, kada ganye ya kwana a ciki. Sabulu mai ƙamshi ba ya shiga cikinta. In bakinta ya toshe da ganye, tsinken tsintsiya mai tsabta zai buɗe shi. In cikin ya yi baƙi da yawa, tafasa ruwa da lemun tsami a ciki, ka ɗauraye sau biyu, ka kife ta ba murfi har ta bushe.